Mundayen Barira da Gaurakan Sarki

An ce a wani zamani da ya daɗe da shuɗewa an yi wani sarki a wani birni na bakin kogi, mai faɗin ƙasa da kwarjini, wanda ba a taɓa jin ya ci amanar kowa ba, ba a kuma taɓa ganin haƙoransa ba. Al'adar gidansu ce tun kakanni, sarki ba ya nuna jin daɗi a gaban jama'a. Yana zaune a kan karaga, amawali ya rufe masa baki da hanci, ko albishir ɗin cin yaƙi aka kawo masa iyakarsa ya kaɗa kai a sallami mai magana. Idan abu ya yi masa daɗi sai ya riƙe a ransa. Bayan an kwana biyu, wani lokacin ma sai an yi wata da watanni, sai a ga manzo ya yi sallama a ƙofar mutum da riga ko doki, ya ce saƙon sarki ne, ya juya. Ba a faɗin dalili, domin a ganinsu faɗin dalili ciniki ne, sarki kuwa ba ya ciniki. Fushi ne kaɗai bai san wannan al'ada ba. Idan ran sarki ya ɓaci, kafin mutum ya rufe bakinsa dogarai sun riƙe shi.

Cikin abubuwan da sarkin nan yake ƙauna akwai wani gauraka da aka kawo masa tun yana ɗan tsako, ya girma ya zama dogo, tukkunsa kamar an tsefe zinariya. Mai kiwonsa wani mutum ne mai suna Kailani, mai sanyin hali, wanda tsuntsaye suka fi mutane sanin muryarsa. Gauraki dama suna rawa a dawa idan ransu ya so, amma wannan yakan yi ta da zarar Kailani ya ɗaga hannu. Sai ya buɗe fukafukai, ya rusuna, ya yi tsalle sama, ya sauko a hankali kamar ba shi da nauyi. Jama'a kuwa sun lura da abu guda: a hannun hagun Kailani akwai mundaye biyu na tagulla irin na mata, kuma duk sa'ad da tsuntsun yake rawa sai a ji ya gwara su, su yi wata 'yar ƙara siririya. Wasu suka ce ado ne, wasu suka ce asiri ne.

Mundayen na matarsa ne, Barira, 'yar marigayi alƙalin garin. Ta tashi a bayan labulen zauren mahaifinta tana sauraron shari'a, ta karanta littattafansa tun yana ɓoye mata su har ya gaji ya bar mata. Bayan rasuwarsa mutane suka riƙa kawo mata rigimar gado da ta iyakar gona, tana warware musu. Lokacin da Kailani yake zuwa zance wurinta, abokansa sun loda masa kalamai masu zaƙi, ya zo yana zuba su kamar mai biya allo. Ita kuwa kunya ba ta barin ta ta ce wannan ya yi, wannan bai yi ba, sai ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Rannan ya manta da haddarsa, ya shiga ba ta labarin yadda gauraka da matarsa suke kiran juna da sassafe a bakin fadama, ɗaya ya fara ɗaya ta ƙarasa. Hannunta ya motsa, mundaye suka yi ƙara. Na farkon kuskure ne. Na biyu da gangan ta yi. Daga nan duk sa'ad da ya yi magana da bakin kansa sai ya ji tagulla ta amsa, idan ya koma kalaman aro sai ya ji shiru. Ba a daɗe ba ya watsar da kalaman aro. Da aka ɗaura aure, abin da ya fara roƙa a wurinta mundayen nan biyu ne.

Shi ne ya kai dabarar wurin tsuntsaye. Ya daɗe yana fama da matsala guda: tsuntsu yana sama ya yi abin da ake so, amma kafin hannu ya shiga jaka ya fito da gyaɗa, ya sauko, ya yi taku, ya sosa wuya. Idan gyaɗar ta iske shi yana sosa wuya, to a wurinsa ladan susa ce. Sai Kailani ya fara gwara mundaye ya ba da gyaɗa, ya sake gwarawa ya sake bayarwa, har gaurakan ya san cewa ƙarar nan ba ta zuwa ita kaɗai. Daga nan ya riƙa gwara su daidai lokacin da ƙafafun tsuntsun suka bar ƙasa. Ƙara ta fi hannu sauri, sai ta riƙe wa aikin wurinsa har gyaɗa ta iso.

Wata shekara manzannin wani sarki suka zo daga ƙasa mai nisa, aka tara su a filin cikin fada domin su ga gaurakan. Kailani ya ɗaga hannu, tsuntsu ya yi rawar da bai taɓa yin irinta ba, baƙi suka riƙe baki. Sarki bai ce komai ba, kamar yadda ya saba. Da ya miƙe zai shiga gida sai gaurakan ya ratsa tsakanin fadawa da gudu, ya kama hannun rigarsa ya ja. Ya sake ja da ƙarfi. Da bai ga komai ba sai ya miƙa dogon wuyansa ya cafki amawali ya fizge, rawani ya warware, fuskar sarki ta fito fili a gaban baƙi da bayi. Ɗaya daga cikin manzannin ya yi dariya, ya yi sauri ya mai da ita tari.

Nan take Waziri ya durƙusa ya ce tsuntsu ba shi da gaba da kowa, sai dai a turo shi, kuma shi ya daɗe yana zargin namijin da yake yawo da mundayen mata yana juya dabba da su. Kafin a gama naɗa wa sarki rawani an tuɓe mundayen daga hannun Kailani, an kai shi kurkuku, an kuma yanke cewa Hauni, mai zartar da hukuncin kisa, zai sare shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Yari, mai tsaron kurkukun, ya san mahaifin Barira, don haka ya bar ta ta ga mijinta. Ta iske shi a zaune a ƙasa da mari a ƙafa, abin da ya fara tambaya kuwa shi ne ko ana ba tsuntsun ruwa. Ta ce ana ba shi. Ta gaya masa abin da masu sharar fada suke faɗa, cewa tun ranar sarki yake tsayawa a gaban gaurakan yana ta gwara mundaye don ya yi masa rawa. Da fari tsuntsun yakan ɗago ya matso yana duban hannu, bai ga komai ba, yanzu ko juyowa ba ya yi. Waziri kuma ya ce wannan ita ce hujja, asiri ba ya bin kowa sai mai shi.

Kailani ya dafe kai. Sannan ya gaya mata abin da ya daɗe yana gani yana haɗiyewa. Kullum da hantsi sarki yakan zo wurin tsuntsun shi kaɗai, da gyaɗa a cikin hannun riga. Gaurakan ya yi masa rawa, sarki ya tsaya kamar ginshiƙi, alhali idanunsa cike da jin daɗi. Sai ya juya zai tafi tsuntsun ya kama masa riga, shi kuma ya zazzage gyaɗar don a sake shi. Ranar baƙi rigar ado ya sa, babu gyaɗa a cikinta.

Ta tambaye shi me ya hana shi faɗa tun da wuri. Ya ce, "Ta ina zan fara, Barira? In ce da sarki ya yi kuskure a gaban tsuntsu?" Sannan ya roƙe ta da ta tattara kayanta ta tafi wurin kawunta a ƙetaren kogi kafin Juma'a, kada ta tsaya ta gani, kada kuma ta je fada.

Ta dube shi har ya sunkuyar da kai. Ta ce, "Malam, ka san irin wannan magana ba ta taɓa sa na gwara munduwa ba."

Ranar Alhamis ita ce ranar da sarki yake sauraron ƙarar talakawa. Barira ta lulluɓa ta shiga layi tsakanin wani mai kukan an cinye masa gona da wata mai rigimar akuya. Da layi ya zo kanta Sarkin Dogarai ya tare ta da sanda, ya ce an hana kowa roƙo a kan matsafi. Ta ce ba roƙo ta zo yi ba, ƙara ta kawo, kuma tun tana yarinya ba ta taɓa jin an hana mai ƙara shiga ranar Alhamis ba. Ta faɗi haka da muryar da ta kai har karaga. Sarki ya ɗaga yatsa, aka janye sandar.

Ta durƙusa ta yi gaisuwa yadda ta kamata, ba ta rage komai ba, ba ta kuma ƙara ba. Ta ce ƙara biyu ta kawo a kan mutum ɗaya: ya koya wa tsuntsun sarki rashin kunya, ya kuma lalata mata kaya.

Sarki ya ce wanda ya yi na farkon yana kurkuku, gobe za a gama da shi. Ta ce, "Ya sarki, wanda yake kurkuku rawa ya koyar. Malamin fizga yana nan a sake, ya ci ya ƙoshi da safen nan, ba wanda ya ce masa kanzil."

Sarki ya ce ta faɗi sunansa, in ba haka ba ya haɗa ta da mijinta a hannun Hauni. Barira ta yi shiru. Ya maimaita, ta sake yin shiru, idonta a kan shimfiɗa. Waziri ya gyara koriyar alkyabbar da ba ya rabuwa da ita, ya yi murmushi ya ce, "To, 'yar Alƙali, karatun ya ƙare ke nan? Ko littafin aka manto a gida?"

Ta ce, "Littafin yana nan, ranka ya daɗe. Tambaya nake jira. Takobi umarni yake yi, ba ya tambaya, ni kuma ban iya hira da shi ba."

Dogarai suka ce hattara. Amma sarki mutum ne mai son sanin ƙarshen magana, ya daɗe kuma bai ji wadda bai san ƙarshenta ba. Ya jingina, ya ce to ya tambaya: wane ne malamin?

Ta ce sai ya taimake ta da amsa biyu tukuna. Ranar da abin ya faru, wa ya fi kowa ƙyallin tufafi a filin? Aka ce Waziri. Wa ya fi kusa da tsuntsun? Aka ce dogarai. Ta ce, "Ga mai ƙyalli ya wuce shi, ga na kusa ya wuce su. Hannuwan riga sun cika fili, ya tsallake su duka ya nufi guda ɗaya. Mai jin yunwa ba ya buga ƙofar da ba a taɓa miƙo masa komai ba. Ya sarki, cikin hannuwan rigunan nan, wanne ne ya taɓa zubo gyaɗa?"

Ba wanda ya gane sai mutum ɗaya. Barira ta ga yatsun sarki sun tsaya a kan carbi. Sai ta faɗi abin da yake faruwa kullum da hantsi, ba tare da ta ɗaga murya ba, yadda tsuntsu yake rawa a yi masa shiru, ya ja riga a zuba masa gyaɗa.

Sarki ya ce gyaɗar nan don rawar yake kawo ta, Allah ne shaidarsa. Ta ce ta yarda, amma Allah ne yake ganin zuciya, gauraka ba ya gani. Shi abin da ya sani kawai shi ne abin da bakinsa yake yi a lokacin da gyaɗa ta faɗo. "Ka ƙaunaci rawa a ɓoye, ka biya fizga a fili. Kwanaki ka yi kana koya masa, ya kuwa iya. Ranar baƙi ya ja bai ga komai ba, ya ɗauka jan ne bai isa ba, sai ya ƙara."

Waziri ya ce wannan wasa da hankali ne. In babu asiri, me ya sa ƙarar tagulla take tayar da tsuntsu sama? Sarki ya zaro mundayen daga ƙarƙashin matashi ya ajiye a gabansa, ya ce ga kayanta nan ko kwarzane babu, ina lalatawar?

Ganin mundayen a kan shimfiɗar wani ya taɓa ta fiye da yadda ta zata. Ta juya ga Liman, dattijon da kowa ya yarda da shaidarsa, ta tambaye shi ko ya taɓa lura, ƙarar ce take riga tsalle ko tsallen ne yake riga ƙara. Liman ya yi tunani, ya ce in ba idonsa ne ya ruɗe shi ba, tsuntsun yana sama ƙarar take zuwa.

Ta ce, "To abin da ya zo bayan tashi ba shi ya tayar ba. Hannun da mijina yake ɗagawa shi ne kira. Munduwa shaida ce da alkawari. Tana cewa, wannan da ka yi yanzu shi nake nufi, kuma ladanka yana tafe. Kai kuwa, ya sarki, ka gwara ta tsuntsu yana tsaye bai yi komai ba, ta yi shaidar zur. Ka gwara ta ba ka ba da komai ba, ta saɓa alkawari. Tun ina budurwa mundayen nan suke magana a madadina, ba su taɓa ƙarya ba sai da suka shigo gidan sarki. Lalatawar ke nan."

Wannan karon dogarai ba su tsaya ga hattara ba, biyu suka taso. Sarki ya hana su da hannu, amma muryarsa ta yi kauri. Ya ce ya ji, a kan tsuntsu wataƙila tana da gaskiya, tsuntsu ba shi da hankali. Sai dai ya ga inda take nufa, tana so ta ce al'adar gidansu ce mai laifi. Da shirun nan da kyautar da take zuwa daga baya kakanninsa suka mulki mutane, domin mutum yana da hankali, ya san haƙuri, ya san kuma abin da ya yi aka ba shi. Kuma ko da shi ya koya wa tsuntsun, mutuncin sarauta ya zube a gaban baƙi, dole wani ya ɗauka.

A nan Barira ta san cewa hujjarta ta ci, amma wuyan mijinta bai kuɓuta ba. Ta dubi koriyar alkyabba. Ta tuna a zamanin mahaifinta Wazirin nan shi ake aikawa duk inda rigima ta tashi, ya dawo da ƙura a ƙafa da sulhu a baki, sai daga baya ya zama mutumin da ba ya shiga fada sai da sunan wani a bakinsa. Ba ta san abin da ya juya shi ba. Zato kawai take yi, a kan zaton nan kuma ta aza ranta.

Ta ce, "Ya sarki, mu gwada mai hankalin. Ga Waziri, babu wanda ya fi shi hankali a ƙasarka. Ka raɗa wa Liman dalilin da ya sa ka ba shi alkyabbar nan, sannan shi ya faɗi nasa a fili. In bakinku ya zo ɗaya, gobe Hauni ya yi aiki biyu, ba zan ce uffan ba. In ya saɓa, ka ba ni mijina."

Sarki ya ce ya yarda, domin wannan kyauta ce da bai taɓa mantawa da dalilinta ba. Liman ya matso, sarki ya yi masa raɗa, ya koma mazauninsa.

Waziri ya miƙe zaune da fara'a, ya shafa alkyabbar. Ya ce ai wannan sananne ne. Ya zo da yamma ya gaya wa sarki cewa ana ganin Sarkin Ƙofa yana hira da baƙin fatake fiye da kima, aka tuɓe shi aka kore shi daga gari, washegari da safe manzo ya yi sallama da alkyabba. Tun daga ranar ya san irin hidimar da ubangidansa yake so, bai kuwa yi sakaci da ita ba.

Liman ya ɗago ya ce abin da sarki ya gaya masa daban ne. Shekarar da kogi ya janye, masunta da manoma suka ja daga a kan tafkin da ya rage, har an wasa makamai. Waziri ya tafi da ƙafarsa, ya zauna tsakaninsu a rana har ya raba musu ruwan, ba a zubar da jinin kowa ba. Sarki ya ji daɗin da bai taɓa ji ba, ya aika ƙasa mai nisa a saƙo alkyabbar da babu irinta, saƙa da tafiya suka ci watanni, ba ta iso ba sai ranar da aka kori Sarkin Ƙofa.

Fara'ar Waziri ta ɗauke. Ya dubi sarki kamar bai taɓa ganinsa ba. Ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Allah ya ba ka nasara, ranar da na dawo daga tafkin na ba da labari, ba ka ce mini komai ba. Na koma gida na ce da kaina aikin banza na yi. Ban sake zuwa sulhu ba."

Sarki ya dubi alkyabbar, ya dubi fadawansa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da riga ko takobi ko zobe daga hannunsa, ya gane cewa bai san abin da kowannensu yake zaton an biya shi ba. Sai ya ɗaga hannu ya sauke amawalinsa da kansa. Tsofaffin fadawa suka kau da ido. Ya ce, "Kin yi gaskiya, 'yar Alƙali." Ba a taɓa jin irin wannan kalma daga karagar nan ba a lokacin da aka cancance ta. Ya ƙara da cewa an soke hukunci, gobe bayan sallar Juma'a za a fito da Kailani a gaban jama'a, in an kwana biyu kuma za ta ga saƙo.

Fadawa suka fara godiya a madadinta, wata tsohuwa a bayan layi har ta soma guɗa. Barira ba ta sunkuya ba.

Ta ce, "Ya sarki, na ji ƙarar munduwa. Ina gyaɗar?"

Ta ce mijinta yana zaune a ƙasa da mari a ƙafa a daidai wannan lokaci, gobe kuwa wani abu zai faru, jibi wani, har a manta abin da ya sa aka sake shi, a ce albarkacin Juma'a ne. Ita ba za ta tashi daga nan ba sai kalmar da sarki ya faɗa ta zama gaskiya a gaban waɗanda suka ji ta.

A karo na farko mutanen birnin suka ga haƙoran sarkinsu, domin dariya ta kufce masa, irin ta mutumin da aka kama da hannu a cikin tukunya. Ya ce a je a zo da Kailani yanzu, da gudu. Ya ce mahayi ya fita kafin azahar ya nemo Sarkin Ƙofa duk inda yake. Ya juya ga Waziri ya ce alkyabbar ta tafki ce, ya riƙe ta da wannan suna, kuma ga mai kukan gona can a layi, ya tashi ya bi shi yau. Sannan ya ɗauki mundayen ya miƙa wa Barira da hannunsa, ya tambaye ta ko za su gyaru.

Ta ce a wurin tsuntsu sai an koma farko, a gwara a ba shi, a gwara a ba shi, har ya sake yarda, wannan kuwa sai a hankali. Ta zura su a hannunta tana magana.

Aka shigo da Kailani yana ɗingishi saboda mari, yana ƙifta ido saboda haske. Ya ga fuskar sarki a buɗe ya razana, ya ga matarsa a durƙushe a tsakiyar fada ya ƙara razana. Ya zube ya yi gaisuwa, sannan ya juyo gare ta ya ce a hankali, "Ashe ba ki tafi wurin kawu ba." Kunya ba ta barin mace ta amsa wa mijinta a gaban fada. Ta sunkuyar da kai, hannunta ya motsa a ƙarƙashin mayafi, tagulla ta yi ƙara sau ɗaya. Shi kaɗai ya san me ta ce.

Masu ba da labari sun ce tun daga ranar sarkin nan ya riƙa faɗin madalla a lokacin da aka yi abin madalla, kyauta kuma ba ta fita daga fada sai da dalilinta a bakin manzo. Idan 'ya'yansa suka tambaye shi abin da ya sa ya bar al'adar kakanni, sai ya nuna musu gaurakan yana rawa a fili, ya ce: "Sarkin da fushinsa yake zuwa a kan doki, yardarsa kuma take zuwa a ƙafa, da hannunsa yake koya wa mutanensa mugunta. Adalci shi ne sakamako ya iske aiki tun yana da ɗumi, ya kuma kira shi da sunansa."